Ranar da Aka Aske Mawaƙin Kwaɗin Kwalta

Shekara biyu cur jarrabawa ɗaya tak ta rage wa Ulises Arregui ya zama likitan dabbobi, ya ƙi zuwa ya yi ta. Duk wanda ya san shi a birnin La Plata kuwa ya tabbata ya san dalili, wato gashi. Gashin nan ya sauko masa har gadon baya, baƙi wuluk, shekara takwas almakashi bai kusance shi ba, kuma irin kulawar da yake samu ko amarya sai haka. To ga shi ba a fitowa daga jarrabawar ƙarshe a tafi gida salin-alin. Abokai na nan a bakin ƙofa da ƙwai da fulawa da almakashi, su yi wa mutum wanka da ƙazanta, su yayyaga masa riga, su yi wa kansa sassabe, sannan a ɗora shi a bayan mota a zagaya gari da shi ana danna hon. Haka aka yi wa kowa, har farfesoshin da ke ta shan ƙamshi a yau.

Ulises bai taɓa musa zancen gashin ba. Gara a yi masa dariya a kan gashi da a san abin da ke ransa. Abin kuwa shi ne, ran da ya ci jarrabawar nan zamansa a La Plata ya ƙare. Can garinsu, Pozo Manso, tafiyar awa shida a bas, kawunsa Hilario na jiran sa da ɗakin magani da tsohuwar akori-kura da shanun gonaki kusan arba'in. Tun yana yaro aka gama wannan magana, kuma shi ma bai taɓa cewa a'a ba. In ya koma gida, Kwaɗin Kwalta sun mutu, shi kuwa ba ya son su mutu.

Kwaɗin Kwalta ƙungiyar kiɗan rok ce ta mutum uku. Ulises ke waƙa da kaɗa jita. Celeste, wadda ke aiki a shagon kwafin takardu da ke kallon ƙofar makarantar likitocin dabbobi, ita ke riƙe da babbar jita mai kaurin murya. Ganguna kuma na hannun Fermín, wani ƙato mai sanyin hali da ke murza taliya a shagon gwaggonsa Nélida. A ɗakin ajiya na bayan shagon suke gwaji, ran Litinin da yamma, tunda ran nan masu taliya ba sa buɗewa. Sun manne bangon ɗakin kaf da kwalayen ƙwai wai don kada ƙara ta fita. Ƙarar ba ta san da wannan yarjejeniya ba, har kan kwanar titi ake jin su. Gwaggo Nélida dai ba ta taɓa ƙorafi ba, cewa take tun da yaran nan suka fara, ɓeraye suka kwashe nasu ya nasu suka koma gidan maƙwabta.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, ba su iya ba. Fermín yakan fara waƙa a natse, kafin a kai tsakiya ya fara sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Celeste tana kaɗa nata daidai, amma da fuskar mai jiran layi a asibiti. Ulises kuwa ya rufe ido, ya dage, ya yi ta kaɗa gashi yana ihu. Cikin shekara shida sun yi wasa a ƙungiyoyin unguwa, da bikin wata makaranta, da bikin cikar shekara sha biyar na wata yarinya, inda ubanta ya zo da kansa ya zare wayar wuta bayan waƙa ta uku. Taro mafi girma da suka taɓa tarawa mutum talatin da ɗaya ne, in an haɗa da Gwaggo Nélida da mai sayar da lemo. Sun yi kaset guda, kuma yawancinsa na nan a kwali ƙarƙashin gadon Celeste.

Amma Ulises yana son su, so na gaske, kuma ba abin dariya ba ne wannan. Abin dariyar shi ne yadda yake kallon kansa a ciki. A ganinsa shi ne ginshiƙin da ya tokare rayuwar mutum biyu. Fermín me yake da shi a duniya in ban da Litinin? Kullu da safe, kullu da yamma. Celeste kuma yini guda tana tsaye a gaban injin da ke tofo takardun karatun wasu. In ya tafi, wa zai ba su abin jira? Saboda haka duk lokacin da aka kafe ranar jarrabawa, sai ya wuce allon sanarwa da kai a sama, zuciyarsa cike da tausayin kansa, irin na mutumin da ke sadaukarwa ba wanda ya sani. Wani lokaci har ƙwalla yake ji.

Sai ga waya daga gida a farkon Nuwamba. Matar da yake haya a gidanta ta kira shi falo, ta tsaya kusa tana goge teburin da ba shi da ƙura. Mahaifiyarsa ce a kan wayar. Ta ce wata karsana ta harbi Kawu Hilario a gwiwa, yanzu daga cikin mota yake duba shanu, ya leƙo ta taga yana gaya wa masu gona inda za su taɓa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai ce ta ji an ce akwai zaman jarrabawa ran sha huɗu ga Disamba. Ulises ya ce zai shiga.

Kafin ya ajiye wayar ya gama ƙulla dabararsa, kuma ya yaba wa kansa ƙwarai. Zai shiga, tunda ya yi alkawari. Zai zauna a gaban malamai ya ce bai sani ba, su kayar da shi, ya kira gida da murya mai rauni. Ba wanda zai ce bai gwada ba. Ya roƙi mahaifiyarsa kada kowa ya taso, wai idon gida na rikita shi. Ya je ya rubuta sunansa a ofis da sassafe don kada ya haɗu da idon sani, kuma bai buɗe littafi ko sau ɗaya ba.

Litinin ta ƙarshe kafin ranar, sun yi gwaji kamar kullum. Suka huta, ƙoƙon mate, shayin ganye na ƙasar, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, Fermín na zuba ruwan zafi. Gwaggo Nélida ta shigo ɗaukar wani abu, ta tsaya a bayan Ulises, ta ɗaga gashinsa a tafin hannu kamar mai taya yadi a kasuwa, ta ce Allah ya yi halitta a nan, ta fita tana girgiza kai. Celeste ta sunkuya tana gyara wayar jitarta wadda ba abin da ya same ta. Ulises bai ga komai ba, yana can yana jin daɗin yadda ya iya ɓoye sirri.

Ran sha huɗu gari ya waye da zafi. Ya ɗaure gashin ya tura shi cikin wuyan riga, ya ɗaura laktaya ta aro a wuya. Wajen ƙarfe goma aka kira sunansa. Malamai uku ne a bayan dogon tebur, a tsakiyarsu Farfesa Zabala, wata 'yar tsohuwa mai hannuwa irin na manoma, wadda ɗalibai ke canja hanya in sun hango ta. A gabanta ga ɗan kejin nan mai juyawa da ƙwallaye masu lamba a ciki, kowace lamba da babinta. Ulises ya juya kejin, ƙwallo ta faɗo, aka duba: cututtukan tumbi.

Ya gyara zama ya ce bai sani ba. Farfesa ta yi wata tambayar, ya ce wannan ma bai sani ba. Farfesa Zabala ta buɗe ɗan littafin makinsa, ta bi shi shafi-shafi ba gaggawa, ta ga maki takwas, ta ga tara, ta ga goma cikin goma, sannan ta ga shekara biyu babu komai. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi jelar gashin da ta leƙo daga wuyan rigarsa.

"To shi ke nan, ɗana," in ji ta. "Tunda ka sha zafi ka zo, bari in ba ka darasin kyauta, ka saurara ka tafi. Mai gona ya kira ka da hantsi. Shanunsa sun fasa shinge sun shiga ɗanyar ciyawar alfalfa da raɓa a kanta. Ɗaya ta kumbura kamar ganga, tana nishi, harshe a waje. Ba lokacin komai. Sai ka ɗauko tsinken huda ka soka mata a kwiɓin dama."

"Hagu," in ji Ulises.

Bai san ya faɗa ba sai da ya ji muryarsa. Ta karkato kunne kamar ba ta ji ba.

"Hagu, Farfesa. Tumbin a hagu yake. In kika soka a dama hanji za ki samu, ki kashe wa mutum saniya."

Ta ce af, haka ne, tsufa ya zo. Ta ci gaba da cewa sauran da ba su yi tsanani ba sai a kwantar da su a kai musu ruwa su sha su ƙoshi. Ulises ya ciji leɓe. Ya dubi taga, ya dubi fankar da ke juyawa a sama, ya tuna Fermín da Celeste da Litinin. Amma a idonsa saniyar nan yake gani, ja ce mai farin goshi, ana shirin kwantar da ita. Sai ya ce ba a kwantar da su, tsayar da su ake, ƙafafun gaba a kan tudu, a gitta musu sanda a baki su yi ta tauna, a ɗura musu mai don kumfar ta kwanta. Ta ce wane irin mai? Ya faɗa. Ta ce in bututu ya shiga iska ta ƙi fita fa? Ya miƙe tsaye. Ya roƙi ƙaramin malamin da ke gefe ya ɗan tashi, ya juya shi, ya auna masa da tafin hannu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya nuna inda ake sokawa da inda tsinken zai dosa. Ya ba da labarin ranar da shi da Kawu Hilario suka ceci goma sha ɗaya cikin goma sha uku, da yadda har yau yake tuna biyun da suka mutu. Daga tumbi aka gangara hanta, daga hanta aka shiga maruƙa masu zawo. Minti arba'in yana magana, hannuwa na yawo, laktaya ta koma kafaɗa, da wata irin murya mai daɗin ji wadda ba a taɓa jin ta a ɗakin bayan shagon taliya ba.

Sai da ya ga ta cire murfin alƙalami sannan ya dawo hayyacinsa. Ya zauna a hankali. Baki shi ke yanka wuya, yau ya ga zahiri.

Ta rubuta tara, ta sa hannu, ta miƙa wa sauran biyun. Ta ce shekara talatin tana wannan kujera, ta ga masu zuwa su faɗi da gangan iri-iri, kuma tana barin su su faɗi abinsu. Amma wanda ba ya iya jure a kashe saniya ko da a baki ne, ba ta da ikon hana shanu shi. Ta miƙa masa hannu ta kira shi abokin aiki. Sannan ta ce ya cire agogonsa kafin ya fita, don tun ɗazu take jin warin ƙwai ta taga.

Ya ɗauka ƙwan wani ne. Da ya fito bakin matakala sai ga Fermín da bokiti biyu, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Ga Gwaggo Nélida da rabin buhun fulawa da lema. Ga Celeste a tsaye da almakashin yanka kwali na shagonsu, fuskar nan kamar kullum. A bayansu ga motar kai taliya an buɗe mata baya.

Ya tambaye su wa ya gaya musu. Celeste ta ce shi dai da gashi aka gan shi amma ba a san me ke ƙarƙashi ba. Jerin sunayen masu jarrabawa a ina yake tsammani ake kwafe shi kafin a kafe? Ta hannunta yake bi. Fermín ya ce tun ranar ya jera ƙwai a kan rufin shago rana na dukan su, kuma wannan ne karo na biyar da yake ruɓar da ƙwai saboda shi. Sau huɗu yana shiryawa tun kafin jerin ya fito, sai Celeste ta zo ta ce babu sunan, ya je ya binne su a bayan gida. Har itacen lemon Gwaggo ya ninka 'ya'ya.

Ulises bai yi dariya ba. Ya sauko matakala biyu ya tsaya, littafin makin a hannunsa.

"Kun san abin da wannan ke nufi kuwa? Tafiya zan yi." Ya dubi littafin. "Amma na yi tunani. Awa shida ce kawai. In na shigo bas ran Lahadi, Litinin mu yi gwaji, in koma..."

"Kai, Gashi, rufa wa kanka asiri," in ji Fermín.

Ya ajiye bokitan ya gaya masa a hankali, yana kallon ƙasa, cewa injin busar da taliya da Gwaggo ta saya ya shekara ɗaya da rabi a cikin akwatinsa a zaure, ba inda za a kafa shi sai ɗakin gwaji. Shi kuma Fermín so yake ya koyi aikin sosai, don shagon hannunsa zai dawo, kuma yana son aikin, ko da ba abin a yi waƙa a kai ba ne. Celeste ta ce yayarta da ke can garin Neuquén ta gaji da kiran ta, akwai makarantar da ke neman mai koya wa yara kiɗa, sau biyu tana cewa su jira. Ulises ya tambaye ta me ya hana ta tafiya. Ta ce wa zai tafi ya bar shi a wannan hali, mutum ya maƙale tsakanin saniya da jita, kullum yana kallon su da idon tausayi kamar marayu.

Maganar ta soke shi, kuma ta yi masa ciwo sosai. Shekara biyu yana ɗauke da mutane a kansa, ashe su ke ɗauke da shi, suna ma yi masa a hankali don kada ya farga. Kunya ta rufe shi, sannan wani tsoro ya biyo baya wanda ya fi kunyar.

"Wato da ma ba kwa so," ya ce. "Duk shekarun nan haƙuri kuke yi da ni."

Celeste ta hau matakala ta tsaya daidai da shi.

"Amma kai wawa ne, Likita," ta ce. "In ba so ba, wa zai shekara shida yana sauraron muryarka? Ba ni da ranar da ta fi Litinin, kuma ba na jin zan sake samu. Juya."

Ya juya. Ta zaro jelar gashin daga wuyan rigarsa ta naɗe ta a hannu. Ya ji sanyin almakashi a ƙeyarsa, ya jira, ba abin da ya faru. Celeste da ba a taɓa ganin ta ko murmushi a kan dandamali ba, ga ta tana jan hanci a bayansa tana zagin almakashi wai ba shi da kaifi. Sai da ta yi sara huɗu gashin ya rabu. Kansa ya yi wani irin sakayau, iska ta taɓa masa wuya.

Daga nan kuma ba a yi masa da sauƙi ba. Fermín ya karɓi almakashin ya yi masa aski irin na ƙeta, nan tudu nan kwari, ya bar masa tuƙƙu ɗaya a saman kunne don tarihi. Ƙwai na farko da ya fashe masa a ka sai da mutanen da ke jiran wasu ɗaliban suka ja da baya. Aka bi da mai, da tsohon ganyen mate, da ruwan tumatir. Gwaggo Nélida ta buɗe lemarta don kare kanta, ta juye masa fulawa da hannu ɗaya tana sa masa albarka. Suka yanke masa hannuwan riga da ƙafafun wando, laktayar aro kaɗai aka tausaya wa. Suka cicciɓe shi suka zaunar a bayan mota, ƙafafu na reto, Gwaggo ta shiga gaba ta kama sitiyari ta ɗora hannu a kan hon.

Suka nufi babban dandali. Motoci na amsa hon ɗin, masu shaguna na fitowa bakin ƙofa, wasu tsofaffi a teburin shan kofi suka ɗaga masa kofuna. Wata mata daga bene ta tambaya me ya zama, Fermín ya amsa mata cewa likitan shanu, ta tafa masa. Ulises ya lura, ba tare da ya so ba, cewa tsakanin kwanar titi biyu kawai an tafa masa fiye da duk tafin da Kwaɗin Kwalta suka samu a shekara shida.

A kwanar titi ta uku Fermín ya kifa bokiti tsakanin gwiwoyinsa ya fara bugawa da tafin hannu. Celeste, da jelar gashin har yanzu a cinyarta, ta ɗauki waƙa. Waƙarsu ta farko ce, wadda Ulises ya rubuta a shekarar da ya zo, kan baƙauyen da ya ɓace a garin da titunansa ba su da suna sai lamba, yana jin kunyar tambaya. Bai taɓa jin ta daga bakin wani ba. A zatonsa ma ba wanda ya taɓa gane abin da yake faɗa a cikin ƙarar nan. Sai ga shi sun san ta kalma-kalma, har baitin da ya daina rerawa tun tuni don yana ganin ya tona masa asiri da yawa. Muryar Celeste siririya ce, ta Fermín kuwa ba a magana, amma ba jita ba lasifika waƙar ta fito fes, kuma ashe mai kyau ce. Fermín bai yi sauri ba ko kaɗan.

Hawaye suka zubo masa suka haɗu da fulawa, fuskarsa ta koma kullu. Da suka iso amshi, wurin da ya saba shigowa da ƙarfi, duka biyun suka dube shi suka sassauta don su ba shi hanya. Ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Sai ya girgiza musu askakken kansa, ya bar su suka ƙarasa ta su biyu.